Ranar Da Inna Ta Kira Sunansa

SHAFI NA 27

Da sunan Allah. Masu zagin Hayatu tun jiya, ku ɗan sassauta masa har ku kai ƙasan wannan shafin.

*

Barista Doosuur ta sake tura biron gaban Hayatu. Ya sake turo mata abinta da bayan hannu, ko kallon takardar bai yi ba.

Saudat na zaune a gefen benci cikin ɗakin ganawa na gidan yarin Kaura, hannuwanta a cikin hijabi, tana murza yatsu har suna ƙara. Tun da aka yanke wa mijinta shekara goma sha biyar a kan ƙwayar da aka tono cikin buhunan gero a motarsa, kan hanyar Shinkafi, ba ta sake barcin kirki ba. Ita ta nemo lauyar nan. Ita ta yi ta safa da marwa tsakanin Kaura da Gusau har takardun ɗaukaka ƙara suka haɗu. Abu ɗaya ya rage, sa hannun wanda aka ɗaure da kansa, don kotu ba ta karɓar na mata ko na ɗan'uwa. Wa'adin kuma ya zo gab da cika.

Shi ne yau wanda ake wahalar dominsa yake ture biro.

Doosuur a kwatas ɗin reluwe na Kaura aka haife ta, Hausar bakinta ko 'yar Zurmi sai haka. Ta gyara tabarau ta sake yi masa bayani a nutse. Ta ce amsa laifin da ya yi da bakinsa gaban alƙali shi ya ɗaure shi, ba wata hujja ba. Ta ce kotun sama a Sakkwato ba za ta dube shi ba sai ya nuna matsa masa aka yi ya amsa, ya kuma faɗi wanda ya ba shi buhunan. In ya yi haka, akwai ƙofa. In wa'adi ya wuce, ƙofar sai da roƙo, roƙon ma ba tabbas.

Hayatu ya ce ya gode. Ya ce Allah ya saka mata. Ya ce shi dai ya karɓi ƙaddara.

Nan Saudat ta miƙe.

"Ƙaddara? Baban Walida, dube ni. Ni zaka gaya ma ƙaddara?"

Ganduroban da ke tsaye bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ta rage sauti, amma ba ta rage zafi ba.

Ta ce masa ita ta san wanda ta aura. Mutumin da ko goro ya daina ci don kar haƙoransa su yi ja, shi ne zai yi safarar tiramol? Direban da duk tashar Kaura ta shaida saƙo ko na allura ne sai ya kai shi hannun mai shi? Ta ce ranar da ya tsaya a kotu ya ce kayansa ne, sai da aka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, kuma har yau ba ta yarda ba. Ƙarya ya yi, ita dai ba ta san don wa ba.

Ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa.

Ta ci gaba. Ta ce maƙwabta sun hana 'ya'yansu sayen awararta, sai ta soya ta zauna tana korar ƙuda. Ta ce a Islamiyya sunan 'yarsu ya koma ɗiyar mai ƙwaya, yarinyar da ko wankin hijabinta ba ta iya ba tukuna. Ta ce ko gidan suna ta shiga sai a ja jaka kusa da jiki.

Bai ɗago ba.

Abin ya ƙara tunzura ta. Ta juya kan danginsa. Ta ce tun da aka kawo shi nan, wa ya tako daga Zurmi ya duba shi? Ko ƙullin ƙuli-ƙuli wa ya aiko? Uwa dai a ce kunya ce ta ɗan fari. To ƙaninsa fa?

"Umar na nan shina yawo bisa sabon mashin, waya biyu a hannu, ana haɗa mai lefe. Kai kana nan kana cin gabza, ko sannu bai iya zuwa ya ce maka ba."

Sai a lokacin Hayatu ya ɗago kai.

"Wane Umar?"

"Umar nawa gare ka?"

Ya ce ba dai Umar ɗinsu ba. Umar ɗinsu yana Zariya wajen wani malami, ana yi masa magani yana karatu, tun kafin a yanke hukunci aka tafi da shi.

Saudat ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce in Zariya ta dawo bakin kasuwar Kaura, to lallai yana Zariya. Da idonta ta gan shi ranar kasuwa, ya ɗaure kwalaye bayan mashin, tare da yaran nan da kowa ya san dajin da suke kai wa kaya. Har ɗaga mata hannu ya yi.

Hayatu ya dafe bencin da hannu biyu kamar wanda jiri ya ɗiba.

"Ta rantse mani," ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Ta ce ta tura shi. Ta ce ya tuba."

Doosuur ta ajiye biron.

"Ya tuba daga mi, Malam Hayatu?"

Saudat ta koma ta zauna ba tare da ta san ta zauna ba.

"Wa ta rantse maka?"

Ya runtse ido. Da ya buɗe, maganar ta zubo kamar an fasa tulu.

Ya ce ranar da abin ya faru, Umar ne ya same shi a tasha yana lodin Shinkafi. Ya sauke buhu biyu daga mashin ɗin haya, ya ce geron Inna ne, a kai wa ƙanwarta. Shi da ko saƙon baƙo ba ya buɗewa, ina zai soke buhun uwarsa? Da hannunsa ya ɗora su a but ɗin mota, ko kuɗin kaya bai bari kamasho ya ambata ba. Kafin Badarawa aka tsayar da su a shinge. Tsinke ɗaya jami'in ya soka, maimakon gero sai ga katin ƙwaya ya biyo.

Ya ce da farko ya yi niyyar faɗin gaskiya. Har ya fara. Sai ana gobe za a shiga kotu aka ce yana da baƙuwa.

Inna ce.

Saudat ta san abin da wannan ke nufi, don ta zauna da su. Hayatu ɗan fari ne. Tun yana jariri kakarsa ta ɗauke shi, ita ta yaye shi, ita ta raine shi. Inna ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa gaisuwarsa sai da ka, ba ta cin abinci in yana wurin. In za ta yi zancensa sai ta ce wancan, ko mai motar nan. Ko wani yaron unguwa mai irin sunan, Inna laƙabi take sa masa don kar bakinta ya furta.

Ya ce ranar ta zauna gabansa, ta yaye lulluɓi, ta dube shi cikin ido.

"Sai tac ce, Hayatu." Muryarsa ta karye. "Saude, na yi furfura a gemu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban san haka yake da daɗi ba. Tac ce, Hayatu, rufa ma ƙanenka asiri, kai babba ne. Wallahi da wuta tac ce in shiga, da na shiga."

Doosuur ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Saudat kuwa ba tausayi ne ya zo mata ba. Fushi ne.

Ta ce ashe da suna aka saye shi. Sunan da 'yan kamasho ke ƙwala masa tun asuba har magariba. Sunan da fasinja ke kira in suna son a tsaya su kama ruwa. A kansa ya sayar da shekara goma sha biyar, ya haɗa da ita, ya haɗa da Walida, ko shawara bai yi da kowa ba.

Ya ce ba za ta gane ba.

"In suna kake so, ni ma tun da anka ɗaura mana aure ban taɓa kiran shi ba." Ta matso har gwiwarta na taɓa tasa. "Hayatu. Ka ji? Hayatu. Ga shi nan na kira har biyu. Ɗauki biro."

Ya dube ta, idonsa ya kaɗa jawur.

"Ba ɗaya ba ne."

Ta jinjina kai. Ta ɗauki kular dambun da ta kawo masa ta dangwarar a gabansa har murfin ya yi tsalle. Ta ce ya ci, ya ƙoshi, ya samu ƙarfin zaman da ya zaɓa. Ita Zurmi za ta.

Ya miƙe yana cewa kar ta kuskura, uwarsa ce. Ganduroban ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi kan benci.

Doosuur ta biyo ta har bakin ƙofa, ta riƙe mata gefen hijabi. Ta ce ta bi a hankali, kar ta je ta ɓata abin da bai gama gyaruwa ba. Ta ce ita za ta zauna da shi har a kore ta, don mutumin da ta gani yanzu ba shi ne wanda suka tarar da safe ba.

Saudat ta zare hijabinta ta fita.

*

Motar Zurmi saura mutum ɗaya ta cika. Ta cusa kanta a baya tsakanin wata tsohuwa da buhun albasa.

Hanyar nan ba a hira a kanta yanzu. Daga an wuce Dauran kowa ke kama bakinsa, direba ya taka mota, idon kowa na kan dajin hagu da dama. Wani dattijo a gaba yana ta jan hasbunallahu. Saudat ko a jikinta. Gonakin dawa da aka gudu aka bari suna wucewa ta taga, ita lissafinta daban.

Shekarun da ta yi tana durƙusa wa Inna tun daga zaure. Tuwon sallah da take aikawa. Yadda ta sa wa 'yarta sunanta, Rekiya, har ake ɓoye shi da Walida don girmamawa. Da aka yi hukunci ta je gidanta tana kuka, matar ta shafa mata kai ta ce haƙuri, Allah shi ya san wanda ya cuce su.

Ashe ta san shi ita ma. A ɗakinta yake kwana.

*

Guɗa ta fara ji tun daga ƙofar gida.

A tsakar gida an baje tabarmi, akwatuna a buɗe. Mata uku na ɗaga atamfofi suna yabawa. Inna Rekiya na zaune a tsakiya kan buzu, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tsaga a kumatu, carbi a wuyan hannu, tana nuna wanda za a sa a sama.

Saudat ta yi sallama. Ba ta cire takalmi ba. Ba ta durƙusa ba.

Guɗar ta mutu a bakin mai yin ta. Matan suka dubi ƙafarta, suka dubi juna. Ɗaya ta ce ta bar tukunya a wuta, sauran suka ce bari su raka ta. Kafin ka ce kwabo gidan ya rage su biyu da akwatuna.

Inna ta ninke atamfar hannunta a nutse. Ba ta ɗago ba ta tambaya ko daga Kaura take. Saudat ta ce daga can take.

"Wancan shina lahiya?"

"Wa?"

"Kin san wanda nike nuhi."

"Ai kin iya sunan, Inna. Yau anka gaya mani kin iya shi sarai."

Hannun tsohuwar ya tsaya a kan atamfar.

Sannan ta ɗago ta kalli surukarta tun daga takalmi har goshi, ta ce ashe bakinsa bai riƙe ba. Ta ce ta ɗauka namiji ta haifa.

Saudat ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ta ce namijin ne ya sa yake can yana kwana kan siminti, wanda ba namijin ba yana nan ana auna masa atamfa. Ta nuna akwatunan da ƙafa. Ta tambaya da wane gumi aka saye su. Umar da ko kaza bai taɓa kiwo ba, ko kunya ɗaya bai taɓa nomewa ba, a ina ya samo lefen da ko ɗan sarkin pawa bai yi ba?

Inna ta ce ta iya bakinta, a gidan uban mijinta take.

Saudat ta ce ta sani. Shi ya sa ma ta zo nan ba ofishin hukuma ta wuce ba.

Ta faɗi abin da ya kawo ta ba kwana-kwana. Inna ta shirya gobe su tafi Kaura tare. Ta zauna gaban ɗanta kamar yadda ta zauna wancan karon, ta janye maganar da ta ɗora masa, ta ce ya sa hannu a ɗaukaka ƙara. Ita ta ɗaure, ita za ta kwance. Ba ta nemi ta je kotu ba, ba ta nemi ta tona kowa ba. Ta sake shi kawai.

Tsohuwar ta girgiza kai.

Ta ce yarinya ba ta san komai ba. Ta ce Auta, wato Umar, ciwon ƙirji gare shi tun yana goye, in aka rufe shi a ɗakin da ba iska ko wata ɗaya ba zai kai ba, gawarsa za a miƙo mata. Wancan kuwa jikinsa jikin ubansa ne, ƙashinsa da ƙarfi, zai shiga ya fito. Ta ce uwa in gida ya kama da wuta, wanda ba ya iya gudu take ɗauka.

"Shi kuma mai iya gudun sai ki kulle shi ciki?"

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta rage murya, ta waiga ƙofar zaure. Ta ce kayan nan ba na Auta ba ne, aike ne shi ma. Masu shi suna cikin daji, kuma ba sa zuwa kotu. Ranar da sunan Auta ya fito a bakin alƙali, su za su san bakinsa zai iya buɗewa, daren ranar ba za a bar ko akuya a gidan nan ba. Ta ce da mutum ɗaya ta sayi ran gida guda, kuma ko yau aka dawo da ita haka za ta yi.

Saudat ta ce to me ya sa ba ta gaya masa haka ba. Me ya sa ta rantse masa Umar na Zariya ya tuba?

Inna ta hau jan carbi da sauri.

Saudat ta durƙusa a lokacin, amma ba durƙuson gaisuwa ba. Ta kawo fuskarta daidai ta tsohuwar, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Kin san abin da yat tsaya mani a rai? Ba ƙaryar ba. Kin san yunwar da yaron ga ya tashi da ita. Kin san tun yana ƙarami yake laɓewa bayan rumbu ko za ki yi kuskure ki kira shi. Kinka adana sunan kamar kuɗin binne, sai ranar da za ki yanka shi kinka fiddo."

Carbin ya tsaya.

Idon Inna ya ciko, amma hawayen bai zubo ba. Ta ce ita ma ba ita ta ƙirƙiro kunya ba, haka ta tarar. Ta ce ranar da aka ɗauke shi daga cinyarta nononta har zuba yake yi, ba wanda ya tambaye ta ko tana so. An ce mata ba nata ba ne, ta koya wa zuciyarta ba nata ba ne. Yanzu kuma a zo a ce ta zaɓe shi a kan wanda aka bar mata?

Kafin Saudat ta ba da amsa labulen ɗakin gefe ya ɗaga.

Umar ya fito yana miƙa, singileti a jikinsa, idanu jawur kamar gauta, waya a kowane hannu. Da gani ya ji komai. Ya yi murmushi, ya ɗauko wasan ƙanin miji da ya saba.

"A'a, matata ce da rana tsaka? Ko kin gaji da jiran tsoho kin dawo wajen yaro?"

"Matarka tana cikin daji, inda kake kai ma iyayen gidanka guba."

Murmushin ya ɗauke.

Ya ce ta yi hankali da harshenta. Ya ce shi bai tilasta wa kowa ba, Yaya da bakinsa ya amsa, a gaban alƙali, da rantsuwa. In yana son zama gwarzo, shi ina ruwansa? Ya ce kuma in don ci da sha take wannan haushin, ta faɗi abin da take buƙata a wata, zai riƙa aika mata har Yaya ya fito.

Ta tofar da yawu a gaban ƙafarsa.

Ta ce ta gwammace ta ci ƙasa. Ta ce yaran da aka harbe a gonakin Dauran bara, waɗanda suka harbe su da ƙwayar wa suka bugu? Ya je ya tambayi uwayensu ko za su zo cin shinkafar bikinsa. Ta ce ɗan'uwansa ya ɗauki buhunsa a ka don ya ce na Inna ne, shi ko a mafarki bai taɓa jin nauyi ba.

Umar ya yo kanta. Inna ta daka masa tsawa ya tsaya, yana huci.

A daidai nan wayar Saudat ta yi ƙara cikin jaka.

Ta ciro. Barista ce. Kafin ta kai kunne Umar ya fizge, ya duba sunan, ya danna ya buɗe sauti, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji. Da ido ya yi mata alamar ta yi magana.

Ta ce tana ji.

Muryar Doosuur ta cika tsakar gidan, da ƙarar mota a bayanta.

"Maman Walida, ya sa hannu. Bayan fitarki yac ce in ba shi biro. Ya faɗi komai, har sunan wanda ya kawo buhunan, an rubuta gaban shaida. Ga ni na kamo hanyar Gusau da takardun, gobe da safe sai Sakkwato. Ke dai ki baro garin nan yanzu."

Wayar ta katse.

Ba wanda ya motsa. Wata kaza ta hau akwati ta sauka.

Umar ya saki wayar ta faɗi kan tabarma, can gefen turmi.

Inna ce ta fara tashi. Ta miƙe a hankali, tana dafa gwiwa. Fuskarta ta bushe ƙarau, babu hawaye babu fushi. Ta juya ta fuskanci yamma, inda Kaura take. Ta zame mayafinta ya faɗi ƙasa. Ta kai hannun dama cikin rigarta.

Duk wanda ya sha nono a ƙasar nan ya san wannan tsayuwar. Uwa in ta ɗaga wa ɗanta nono ta yi baki, an gama. Ko kotu ta sake shi, Hayatu ba zai ƙara ɗaukar kansa mutum ba. Da kansa zai kira lauya ya ce a janye.

"Tun da ya zaɓi maganar mace bisa tawa," Inna ta fara, "nonon ga da ya sha..."

Saudat ba ta san lokacin da ta yi tsalle ba. Ta cafke wuyan hannun surukarta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta toshe mata baki da shi. Tsohuwar ta fara kokawa, ƙarfinta ya fi jikinta, haƙoranta suka nutse a tafin Saudat. Ba ta saki ba.

"Ba a kanshi ba, Inna. Wallahi ba a kanshi ba."

A bayanta ta ji an ja sakatar ƙofar zaure.

Ta waiga. Umar ya jingina da ƙofar, waya a kunne, idonsa a kanta. Muryarsa ƙasa-ƙasa, cikin ladabin da ba ta taɓa jin ya yi wa kowa ba.

"Ranka ya daɗe, akwai matsala. Lauyar ta baro Kaura yanzun nan, ta kama hanyar Gusau. Na sha ganinta a Kaura, jar mota ce ƙarama, ita kaɗai a ciki."

Saudat ta dubi wayarta can gefen turmi. Ta dubi bakin Inna da ke motsi a ƙarƙashin tafinta, jini na bin yatsunta.

Hannu biyu gare ta, kuma duka a cike suke.